Fashin baƙi: Me ya sa nauyi ke tsayawa cak bayan an fara rage ƙiba?

Duk wanda ma'aikacin asibiti ya taɓa kallo ya ce masa, "Baba, sai fa ka rage nauyi, in ba haka ba hawan jinin nan ba zai sauka ba," ya san yadda watannin farko suke da daɗi. An rage tuwon dare, an bar lemon kwalba, ana fita tattaki bayan sallar asuba. Duk hawan da aka yi kan sikeli sai a ga ya ja baya. Wando ya fara zamewa, gwiwa ta rage ciwo, ruku'u da sujada sun yi sauƙi. Can sai abu ya tsaya. Mako uku, mako huɗu, sikeli ya ƙi gaba ya ƙi baya, alhali mutum yana rantsuwa bai canja komai ba.

Wannan magana ta daina zama ta 'yan birni kaɗai. A ƙauyukan Kano da Jigawa babur ya karɓe tafiyar ƙasa da keke, inji ya karɓe daka da niƙa, famfon burtsatse ya rage jan guga. Malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, dillalin hatsi da ke wuni zaune a rumfa, matar aure da ba ta cika fita ba, duk za ka samu masu fama da teɓa da ciwon suga a cikinsu. Wasu, musamman masu ƙuruciya, har sun sauke manhajar ƙirga kalori a waya suna rubuta abin da suka ci. Kalori dai shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da wanda jiki ke ƙonawa.

Idan nauyi ya tsaya, abin da ake yawan ji shi ne "ni jikina ko ruwa na sha ƙiba nake," ko "tamu ta gado ce." Daga nan wasu su watsar da komai, wasu su koma horar da kansu da yunwa, wasu su nufi mai tallar shayin rage tumbi ranar kasuwa. Ni a ganina duka ukun asara ce, domin tsayawar nan abu ne da aka san dalilinsa. Yawancin masu rage ƙiba suna cin karo da ita, galibi wajen wata shida da farawa.

A fara tabbatar da cewa ya tsaya ɗin

Sikeli ba kitse kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ruwa, da abincin da ke cikin hanji, da tufafin da ke jiki. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Shi ya sa a makonni biyun farko nauyi ke zubewa da sauri: an taɓa ajiyar, ruwan ya bi ta. Wanda ya ɗauka haka za a ci gaba da tafiya zai ga kamar abu ya lalace, alhali lokacin ne ma aka fara taɓa kitsen sosai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Mai rage kalori 500 a kullum bai kamata ya sa ran fiye da kusan rabin kilo a mako ba.

Rabin kilo kuwa abu ne da ruwa ke iya rufewa cikin dare ɗaya. Miyar da ta sha gishiri da dunƙule tana sa jiki ya riƙe ruwa. Mace idan al'ada ta gabato nauyinta kan hau da kilo ɗaya ko fiye, ya sauka bayan kwanaki. Wanda ya fara sabon motsa jiki mai wahala, tsokarsa kan riƙe ruwa na ɗan lokaci. Haka ma mai fama da taurin bayan gida. Ga kuma matsalar da ta fi damun mu a karkara: yau an hau sikelin asibiti da safe, wani makon an hau na kemis da la'asar bayan an ci abinci, da babbar riga da takalmi da waya biyu a aljihu. Wannan ba awo ba ne da za a gina hukunci a kansa.

Sikeli ɗaya, da safe, bayan an zaga, kafin a karya, da tufafi marasa nauyi. Sannan a samo tef ɗin awo wurin tela a riƙa zagaya ciki a daidai cibiya duk bayan mako biyu. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Idan sikeli ya tsaya amma tef yana raguwa, aiki yana tafiya. Idan dukansu sun tsaya har mako huɗu, to a nan ne za a ce an tsaya.

Jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da

Mafi yawan kalorin da mutum ke ƙonawa, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ba a wurin aiki ko tattaki yake tafiya ba. Yana tafiya ne wurin bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, ko da mutum yana kwance. Wannan kuwa ya danganta da girman jiki. Babur ɗin da ya ɗauko buhu biyu daga Dawanau ya fi shan mai a kan wanda ya dawo da buhu ɗaya. Mai kilo 90 da ya koma 82, abincin da a da yake gaza masa yanzu ya kusa isarsa, ko da ko loma ɗaya bai ƙara ba.

Bayan wannan akwai wani tsimi da jiki ke yi idan ya ga ana ta ragewa. Yana rage ƙonawa fiye da abin da raguwar nauyin kaɗai za ta sa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun bibiyi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Bayan shekara 6, jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a kullum ƙasa da yadda ya kamata ga masu irin nauyinsu. Amma waɗannan mutane ne da suka zubar da kilo masu ɗimbin yawa cikin 'yan watanni ta hanyar azabtar da kai. Ga wanda ya bi a sannu, tsimin bai kai ko kusa da haka ba. Ƙiyasin da masana ke amfani da shi na jimillar raguwar ƙonawa shi ne kalori 20 zuwa 30 a kullum kan kowane kilo da aka rage. Wanda ya rage kilo 8 ke nan ya rasa kalori 160 zuwa 240 daga abin da yake ƙonawa.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne yunwa. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda aka gano a 1994, mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Kitse ya ragu, shi ma ya ragu, ƙwaƙwalwa ta fara neman abinci. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostareliya a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadaran da ke tayar da yunwa ba su koma yadda suke ba. Wani kuma na 2016 ya ƙiyasta cewa kowane kilo da aka rage yana ƙara sha'awar abinci da kusan kalori 100 a kullum. A haɗa lissafin: wanda ya fara da giɓin kalori 500 tsakanin abin da yake ci da abin da yake ƙonawa, ya rage kilo 8, ƙonawarsa ta sauka da kusan 200, cikinsa kuma yana roƙon ƙarin 800. Ba sai ya biya wa cikin duka ba. Ko 300 ya ba shi, giɓin ya rufe. Wannan ba raunin zuciya ba ne, halittar jiki ce, kuma ina so masu yi wa 'yan'uwansu gorin kwaɗayi su san haka.

Inda abincin ke shigowa ba a sani ba

A nan ne yawancin amsar take, kuma a nan mutane suka fi jin haushi idan an faɗa musu. A 1992 masu bincike a Niyok sun auna mutanen da suka dage cewa abin da suke ci bai kai kalori 1,200 a rana ba amma nauyinsu ya ƙi sauka. Da aka yi awo na ƙwarai, sai aka ga sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari wajen faɗin abin da suke ci, sun kuma ƙara kusan kashi 51 wajen faɗin motsin da suke yi. Ba ƙarya suke yi ba. Ido ne ba ya iya auna abinci.

Idan haka ta faru ga masu cin abincin da ke da rubutu a jikin kwali, ina ga mu? Manhajar waya ba ta san malmala ba. Garin masara, dawa ko gero yana da kalori kusan 360 a kowane giram 100. Malmalar da ta ci gari giram 100 da wadda ta ci 150 duk sunansu "malmala ɗaya", amma tsakaninsu akwai kalori 180. Marar da aka kwashe tuwo da ita a gidanku daban, ta gidan maƙwabta daban, kuma ranar da uwargida ta yi girki hannunta ba ɗaya ba ne da na amarya. Wanda kuma ake ciyayya da shi, mutum huɗu ko biyar a kan tire ɗaya a ƙofar gida, ba shi da hanyar sanin nawa ya ci, sai dai ya ce ya ƙoshi.

Sai mai. Ku tsaya ku kalli yadda ake zuba wa garau-garau ko ɗanwake mai. Ba a aunawa. Ana karkata kwalbar ne, a zagaya kwanon sau ɗaya, a duba, a ga kamar gefe bai samu ba, a sake zagayawa, sannan a barbaɗa yaji. Idan an gama ci, ƙasan kwanon yana ƙyalli, a sa yatsa a suɗe. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ninki biyu da ɗoriya na hatsi ko nama maras kitse. Babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, man gyaɗa ne, manja ne ko man shanu, duk tafiyarsu ɗaya. Zagaye biyun nan kan iya kai cokali uku. Mutum ya rage shinkafarsa rabi, yana jin ya yi ƙoƙari, amma man da ke kanta ya kai wata malmalar tuwo, kuma bai taɓa shiga lissafi ba. Haka waina, ƙosai, awara da soyayyen dankali: rabin labarinsu yana cikin kaskon suya.

Abin sha shi ne na biyu, domin ba ya zama a ciki kamar tuwo, mutum ba ya lissafa shi a abinci. Ƙaramin cokalin suga kalori 16 ne. Kofin mai shayi da ya sha suga cokali huɗu ko biyar da madara, ga burodi, cikakken abinci ne ko da an ce "ɗan ruwan zafi kawai na sha." Lemon kwalba na santilita 50 ya haura kalori 200. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, sai wadda ta haɗa ce ta san sugan da ta zuba. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma fura gero ce, kuma idan aka dama ta da suga aka sha bayan an riga an ci na rana, an ci abinci biyu ke nan.

Ga kuma ƙananan abubuwa. Gyaɗa tana da kalori kusan 570 a giram 100, kuma a majalisa ana ɓare ta ana hira har ɓawo ya taru a gaban mutum bai lura ba. Dabino kusan 280. Mace mai girki tana ɗanɗana miya, ta ɗanɗana nama, ta cinye ragowar yara don kada a zubar, ta karɓi ƙanzo. Ranar biki ko suna ba a maganar lissafi. Masu azumin Litinin da Alhamis da niyyar samun lada da rage nauyi tare, su ma su duba buɗa-bakinsu: kunu mai suga, ƙosai, sannan tuwo, yakan mayar da duk abin da wunin ya rage.

Akwai kuma bakin mutane, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Da zarar jikin mace ya ragu, sai a fara: "Yaya, lafiya kuwa? Kin rame." Uwar miji ta tambaya ko wani abu ke damun ta. Namiji kuma a ce ko karayar arziki ce ta same shi. Ka je gidan ɗan'uwa a kawo maka abinci, ka ci kaɗan, a ce ka raina. Sannu a hankali mutum yana ƙara loma don a ƙyale shi. Gara a fito fili a ce, "Inna, likita ne ya ce in rage saboda suga." Wannan kalmar ana girmama ta.

Motsa jiki kuma fa?

Yana da amfani ƙwarai, amma ba ya ƙona abin da ake zato. Mai kilo 80 da ya yi tafiyar awa ɗaya da ɗan sauri zai ƙona kalori 250 zuwa 300. Cokali biyu da rabi na mai ke nan. Sannan jiki yana ramawa ta bayan fage: wanda ya yi tattakin asuba yakan wuni a zaune fiye da da, ya hau babur zuwa masallacin da yake takawa, ya aiki yaro abin da da kansa yake ɗaukowa. A 2012 wani mai bincike, Herman Pontzer, ya auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu wuni suna yawo a daji, ya tarar cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mutanen Amurka da Turai ba. Lambar da waya ke nunawa cewa an ƙona kaza, kada a mayar da ita lasisin ƙarin abinci.

Manomi kuma ya tuna da lokaci. Wanda ya fara rage nauyi da damina, yana wuni a gona da fartanya, nauyi zai sauka da sauri. Kaka ta yi, an kai amfani gida, aiki ya ƙare, ga sabon hatsi, ga gyaɗa, ga bukukuwa sun kankama, ga sanyin hunturu mai buɗe ciki. In ba mai noman rani ba ne irin na Kura da Kadawa ko fadamun Haɗejia, cin damina da zaman rani ba za su ba shi sakamako ɗaya ba.

Duk da haka kada a bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ke hana tsoka zubewa tare da kitse. Ba ya buƙatar wurin atisaye. Tashi da zama daga kan kujera sau goma sha biyar, tura bango da hannu biyu, ɗaga jarkar ruwa, duk mace za ta iya yin su a tsakar gida ba tare da ta fita ba.

Abin yi idan an tabbatar an tsaya

Ba rage abinci rabi ba ne. Wanda ya yi haka zai jure kwana goma, yunwa ta kayar da shi, ya ci fiye da da. Abin da ake nema giɓi ne kaɗan, kalori 200 zuwa 300, kuma kusan kullum yana nan cikin mai da suga. A yi mako biyu ana rubuta duk abin da ya shiga baki a lokacin da ya shiga, har gyaɗar majalisa. A ware cokali ɗaya na mai, a daina zubawa daga kwalba. A ware mara ɗaya da kwano ɗaya da ba sa canjawa. Ko ba a san kalorinsu ba, an san yau daidai take da jiya, kuma in za a rage an san daga ina. Mai ciyayya ya ɗebi nasa a gefe ko ya riga kowa tsame hannu.

Sai a cika cikin da abin da ke riƙe shi. Wake, ƙwai, kifi, nono maras suga, nama maras kitse, waɗannan sun fi hatsi kashe yunwa. Alala maimakon ƙosai, wake ɗaya ne amma ba a tsoma shi a mai ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo da kabeji suna cika ciki da kalori kaɗan, muddin ba a kashe kwaɗon da mai da ƙuli mai yawa ba. Miyar kuka ko kuɓewa ta yi yawa, tuwon ya zama kaɗan. Barci ma yana ciki: wanda ya kai sha biyun dare a gidan kallon ƙwallo ko a kan waya, ya tashi asuba, bai samu awa 7 ba, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa.

Shayin rage tumbi da garin da ake tallatawa da lasifika, yawancinsu gudawa ko yawan fitsari suke sawa. Ruwa ne ke fita, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo. A yankin da ciwon ƙoda ya riga ya addabi jama'a kamar Haɗejia, ɗura wa ciki abin da ba a san haɗinsa ba ba abin wasa ba ne.

Wani lokaci kuma tsayawar ba matsala ba ce. Babban binciken rigakafin ciwon suga da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da suka sa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsi na minti 150 a mako, sun rage haɗarin da kashi 58. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗan ɗoriya ke nan. Wanda ya kai nan, awon jininsa da na suga sun gyaru, yana iya zama a wurin wata ɗaya ko biyu yana riƙe da abin da ya samu, ya huta da yunwa, sannan ya sake ɗaura niyya idan akwai buƙata.

Akwai waɗanda bai kamata su yi wannan lissafi su kaɗai ba. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon suga ta gilbenkilamaid idan ya rage abinci ba tare da an gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki ba lokacin rage nauyinta ba ne, mai shayarwa kuma sai da shawara. Wasu magunguna da kansu suke ƙara nauyi, irin su firednisolon da dekzametazon da ake saya a kemis don ciwon gaɓoɓi, da wasu magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya, wasu matan kuma allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Kada a daina su da ka, a je da kwalinsu a nuna wa wanda ya rubuta. Idan kuma tsayawar ta zo da kasala mai yawa, jin sanyi, bushewar fata, rikicewar al'ada, ko kumburin ƙafa da haki, wannan ya wuce maganar tuwo da mai. A fara da babban asibitin ƙaramar hukuma, in akwai buƙatar gwajin sinadarin maƙogwaro ko na ƙoda da zuciya za su tura mutum asibitin Malam Aminu Kano, ko na Rashid Shekoni da ke Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu.